Gwiwar Kalbin

Tun da na dawo daga Amurka 'yan majalisarmu ta bakin kasuwar kifi a Yelwa suka hana ni sakat. Kullum na zauna sai Alhaji Bawa mai ƙanƙara ya ce, "Malam Umaru, wai mi kag gani can? Ka tai ka dawo, ba ka nuna muna komi ba sai hoton tarwaɗa." Ni kuwa in yi dariya in kawo wata magana. Har sun fara cewa girman kai na koyo a can. Gaskiyar ita ce na baro wani mutum a cikin halin da ni na jefa shi da bakina, sana'arsa da abincin tsufansa suna rawa saboda wata gaisuwa da na yi masa, kuma ban san yadda ya ƙare ba. Na ƙudurta ba zan ba da labarin ba sai na ji ƙarshensa. Makon jiya masinjan ofis ya miƙo mini wasiƙa daga can, don haka ga shi daga farko.

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba takarda ta zo cewa ana neman ma'aikaci ɗaya daga sashen kifi ya je kwas na wata uku, ya koyo kiwon tarwaɗa a kududdufi, tunda masunta sai kuka suke kifi ya ragu a Kainji. Manyanmu a lokacin hankalinsu na Birnin Kebbi, kowa na neman ofis da gidan da zai sa iyali, ba wanda ke son ya ɗaga ya dawo ya tarar an zauna masa a kujera. Haka abin ya gangaro har kaina, ni ɗan masunci daga wani ƙauye a gaɓar tafki kusa da Wara. Fayil ɗina kuwa rabinsa na sabon ofis, rabinsa ba a kwaso shi daga Sakkwato ba. Sau uku na yi hanyar kafin takarduna su haɗu wuri ɗaya.

Ana saura kwana biyu in tashi na shiga jirgin ruwa mai inji na je sallama da Inna. Na tarar ta haɗa mini kaya kamar mai zuwa ƙasar da ba a girki: daddawa, yaji, da wata tsohuwar gwangwanin madara cike da man kaɗe.

"Kak ka raina shi," in ji ta. "An ce ƙasar sanyi ta, jiki na tsagewa." Ta ɗaure bakin ledar, sannan ta dube ni. "Kuma ka ji, Umaru, duk inda kat tahi, in ka iske mutum ba shi da lahiya ka gaishe shi. Kak ka je can ka zubar muna da mutunci."

Na ce to, Inna. Da na san inda wannan to ɗin za ta kai ni da na nemi ƙarin bayani.

Muka bar tashar Yelwa da hantsi a fijo. Bayan Kontagora kaɗan taya ta fashe, muka sauka muka zauna a gindin wata ɗorawa direba na fama. Wata Hajiya mai kai bandar kifi Kaduna ta tambaye ni inda na nufa. Da na gaya mata ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗan masunci za shi ƙasar Nasara koyon kihi? To in ka dawo ka zo ka koya wa kada iyo." Duk motar aka sa ni gaba har Kaduna, amma ita ce ta saya mini masa a Tegina. Na kwana biyu a Kano wurin wani abokin karatuna, daga nan na hau jirgin sama, karo na farko a rayuwata.

Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Ni da nake tsayawa a kwalekwale iska na kaɗa tafki ko gezau, sai ga ni na ƙanƙame hannun kujera ina karanto duk abin da na haddace. Muka sauya jirgi a Turai. A jirgi na biyu abin da ya ɗaure mini kai shi ne rana ta ƙi faɗuwa. Agogona ya ce isha ta yi, taga ta ce la'asar da saura. Wani dattijo ɗan Senegal da ke gefena ya nuna mini tagar ya ce in bi ta, in rabu da agogo, na bi shawararsa.

A wurin kwastan kare ne ya fara tarbata. Wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata yana kallona kamar na ci masa wani abu, ni kuwa ina ta janye babbar rigata kada hancinsa ya taɓa ta. Aka buɗe jakar. Kilishin da Alhaji Bawa ya ba ni guzuri, ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara. Alhaji, yau ka ji inda kilishinka ya kwana. Da ma'aikacin ya kwance ledar daddawa sai da ya ja da baya taku biyu, ita ma ta bi kilishi. Saura gwangwani. Ya tambaye ni mene ne wannan, Turancina ya gudu, sai kawai na lakato na shafa a hannuna. Wata ma'aikaciya baƙar fata ta matso, ta shinshina, ta shafa kaɗan a bayan hannunta, ta ce masa mai ne na shafawa, a bar mini. Da man kaɗe da yaji na shiga Amurka.

Daga birnin da muka sauka na hau doguwar bas zuwa can kudancin ƙasar, kusan yini biyu. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai laka, kududdufan tarwaɗa jere har inda ido ya tsaya, kuma ba sanyin da Inna ta ji tsoro. Ɗakunan kwanan makarantar sun cika, sai aka haɗa ni da mutumin da ke kula da kududdufan, wani dattijo baƙar fata mai suna Wilis, aka ce yana da ɗaki. Tun ranar farko na kasa kiran sunansa gatsau yadda ya nema. Na ce masa Baba, matarsa Loreta kuma Mama, na bayyana musu cewa a wurinmu ba a kiran sa'an uba da suna. Mama ta ce wa mijinta, "Ka ji ko? Sai da aka zo daga Afirka aka girmama ka."

Abincinsu bai yi nisa da namu ba yadda na zata. Da safe tsakin masara ne da man shanu, kamar fate marar ganye. Akwai wake, akwai dankali, akwai kuɓewa, amma soya ta suke yi ƙarau, ba yauƙi ko kaɗan, abin da har yau nake ganin ɓarna ce. Tarwaɗa kuwa sai su feɗe fatar su cire ƙaya su jefar da kai. Ranar da na roƙi kawunan na yi farfesu da yajin Inna, Baba Wilis ya ɗanɗana ya yi ta tari har da hawaye, sannan ya miƙo kwano a ƙara. Shayi da ƙanƙara suke sha. Mama ta saba jefa naman alade a tukunyar wake, da ta ji ba na ci sai ta ware mini tukunya ta ɗaura mata jan zare a hannu, ba ta taɓa mantawa ba.

Abin da na kasa sabawa da shi shi ne gaisuwa. Mutanen yankin suna da fara'a, ko a mota mutum ya wuce ka zai ɗaga hannu. Amma tambaya ɗaya ce, amsa ɗaya ce: lafiya lau. Ba ina gajiya, ba ina iyali, ba ya ruwa. Na ga mutum da bandeji a hannu an gaishe shi an wuce, ba wanda ya ce masa sannu. Na ɗauka rashin kula ne. Daga baya na gane a wurinsu ciwon mutum nasa ne, sai in shi ya buɗe maganar. Na gane, amma a makare.

A mako na uku ɗansu Kalbin ya zo hutu. Ban taɓa ganin mutum mai girmansa ba. Sai ya ɗan karkata yake shiga ƙofar ɗakin girki, wuyansa ya kai cinyata, ga shi da murya ƙasa-ƙasa da kunya kamar sabon ango. Sana'arsa ƙwallo, amma ba irin tamu ba. Ya sa mini kaset ɗin bidiyo in gani. Ƙwallon dogo ne kamar gwanda, da hannu ake jefa shi, 'yan wasa sanye da hular kwano. A yi layi biyu a durƙusa, a yi karo, a zube, a tashi a yi shawara, a sake. Na ce ina kake? Ya nuna wani a tsakiyar layi. Na zuba ido har kaset ya ƙare ban ga ya taɓa ƙwallon ba ko sau ɗaya.

"Ba aikina ba ne," in ji shi. "Aikina in tare ƙaton da ke gabana kada ya kai ga mai jifa. In ba ka ji an ambaci sunana ba, to na yi aiki mai kyau."

Nan na gane shi. Mahaifina yana da taru, kuma a jan taru akwai wanda ke tsayawa cikin ruwa har ƙirji yana danne igiyar ƙasa da ƙafa kada kifi ya sulale. Ba wanda ke yaba masa a gaɓa, sai ranar da ya yi sakaci ake tuna da shi.

Wata safiya bayan na idar da sallah na fito bayan gida na tarar da shi zaune, ya miƙe ƙafar hagu a kan kujera, ya ɗora ledar ƙanƙara. Gwiwar ta kumbura kamar ƙwaryar fura. Na ce masa sannu, na koma ɗaki na ɗauko gwangwanin Inna. Ya yi dariya, amma ya bar ni. Na gasa masa da ruwan ɗumi na mulke da man kaɗe yadda ake yi wa masu jan taru. Ko man ne ko hutun ne, Allah masani, kumburin ya fara sauka. Kullum da safe in ce masa da Hausa, "Ya gwiwa?" Na koya masa ya ce, "Da sauƙi." Har ya iya, yana faɗa yana murmushi. Duk gidan ba wanda ya ce mini maganar sirri ce. Sun ɗauka ko yaro ya san haka, don a ƙasarsu ko yaro ya sani.

Baba Wilis ne ya bayyana mini damuwar gidan, muna zagaya kududdufi muna watsa abinci. Ya ce kulob ɗin Kalbin na son rabuwa da shi, sun samu mai ƙarancin shekaru. Akwai wani kulob a arewa da ke son karɓarsa ta musaya. Na ce musaya da me, da wani ɗan wasa? Ya ce a'a, da layi. Kowace shekara ana jera samarin da suka gama jami'a, kulob-kulob su riƙa zaɓa bi da bi, zagaye bayan zagaye, wanda ya fi shan kashi bara shi ke fara ɗauka. To wannan layin zaɓen shi kansa dukiya ne, ana ba da shi a karɓi mutum. An yi wa Kalbin kuɗi da zaɓe ɗaya a zagaye na huɗu. Na yi ta juya abin a raina: a ba da ƙato mai rai da ka san aikinsa, a karɓi damar ɗaukar wani yaro da ba a ma san ko wane ne ba.

"Shekara ɗaya ta rage masa ya cika adadin da ake ba mutum fansho," in ji Baba. "In aka ba da zagaye na huɗu a kansa ba za su yi saurin korarsa ba, don wanda ya yi cinikin zai ji kunya. In kuwa aka sake shi haka nan, shi ke nan. Jikin nan da kake gani, yana kai arba'in zai zama na ɗan saba'in."

Ran Asabar Mama ta ce gobe akwai baƙo, Mista Dunkan, mutumin da ya fara gano Kalbin tun yana sakandare, abokin gidan ne na shekaru. Ba ta ce mini yanzu kulob ɗin arewa yake wa aiki ba. Ko da ta faɗa ma ban tabbata zan kama bakina ba, don a wurinmu aboki ya zo daga nesa a ɓoye masa ciwon ɗan gida, cin fuska ne.

Ran Lahadi na daɗe a kududdufi saboda wani injin iska da ya tsaya. Na dawo bayan azahar na tarar suna cin soyayyar tarwaɗa a tsakar gida. Baƙon wani farin dattijo ne siriri, da hula mai baki da ɗan littafi a aljihun gaba. Na bi su da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mini: Baba, Mama, baƙo. Da na zo kan Kalbin na ce, "Ya gwiwa?" Bai amsa ba. Na ɗauka kunyar yin Hausa a gaban baƙo yake ji, sai na maimaita da Turanci. Ban tsaya nan ba. Na juya ga Mista Dunkan cike da alfahari da man Inna na ce ai an gode Allah, da ka zo makon jiya da ka tausaya masa, gwiwar nan ta kai haka, na gwada da hannu biyu.

Mama ta ajiye cokali. Baba Wilis ya sunkuyar da kai yana kallon farantinsa. Kalbin ya dube ni, ba da fushi ba, da dai fushin ne da ya fi mini sauƙi. Mista Dunkan ya ci gaba da tauna a hankali har ya haɗiye, sannan ya ce, "Ta hagu ko?" Kalbin ya ce, "Ta hagu." Na tsaya da farantina a hannu, na rasa inda zan zauna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da baƙon ya tashi tafiya na bi shi har mota. Na roƙe shi, na ce ni baƙo ne, ban san al'ada ba, ya ɗauka bai ji ba. Ya jingina da motar ya dube ni, ya ce in zo mu taka zuwa bakin ruwa. A nan ya yi mini karatun da ban je Amurka don shi ba.

Ya ce aikinsa sa wa mutane daraja. Da farko a duba inda mutum ke tsayawa a fili: mai jifa ya fi kowa tsada, sai mai farautarsa, sai mai tsare masa baya, irin su Kalbin na tsakiya suna can ƙasa. Sai shekaru, don ɗan ashirin da uku mai matsakaicin kyau ya fi ɗan talatin gwani. Sai a zauna da kaset a kalli kowane karo da ya yi a shekara, a ba shi maki ɗaya bayan ɗaya. Sai a duba kwantiraginsa, shekara nawa ta rage da nauyin albashin da za a gada. Sai a tambayi masu wanke kayan wasa da direbobi halinsa, don su suka fi koci sanin mutum. Sai likita. A ƙarshe akwai wata takarda da ta ba kowane layin zaɓe makinsa, a ɗora mutum a gefe ɗaya, layi a gefe ɗaya, a ga inda ya rinjaya.

"Ba abin da mutum ya yi muke saya ba," in ji shi. "Wannan ya riga ya yi wa wasu. Abin da ya rage a jikinsa muke saya. Kuma duk wanda ya ce zai ba ni mutuminsa, tambayata ta farko ita ce, me ya sani da ban sani ba?"

Na ce masa mahaifina in zai ɗauki mai jan taru ba ya tambayarsa komai. Sai ya tsaya a gaɓa ya ga yadda mutumin zai sauko daga kwalekwale, da wace ƙafa zai fara taka ƙasa. Mista Dunkan ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Mahaifinka zai iya aikina. Kana tsammani kifi na zo ci? Na ga yadda Kalbin ya sauko daga matakala, sau uku, kullum da dama. Na san akwai wani abu. Amma ka ga, abin da nake zato nawa ne, ina iya barinsa a cikina, in bar likita ya yi dubawar da ya saba, yaron ya sa a zuƙe ruwan gwiwar kafin ranar, kowa ya tsira da mutuncinsa. Abin da aka faɗa a gabana kuwa, a gaban mutum huɗu, dole in rubuta. In ban rubuta ba ya fito daga baya, ni ma ina da 'ya'ya a makaranta." Ya cire hular ya share goshi. "Tun yana ɗan sha shida na san shi. Kada ka ɗauka daɗi nake ji."

Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Na yi ƙoƙarin lallashin kaina da abin da muka karanta a zaure, cewa mai sayarwa wajibi ne ya bayyana aibin kayansa. Amma wannan hukuncin saniya ne da kwalekwale. Kalbin mutum ne, gwiwarsa ce, kuma ba ni aka ɗora wa bayyanawa ba.

Bayan kwana goma aka kira shi arewa, aka sa ƙafar a na'urar da ke ganin cikin gaɓa. Waya ta zo ranar wata Talata muna cin abincin rana. Musaya ta yiwu, amma zagaye na huɗu ya tashi. An koma zagayen ƙarshe, shi ma da sharaɗi: sai in Kalbin na cikin kulob ɗin har tsakiyar kakar wasa za su biya. Na tambayi Baba ma'anar haka. Ya ce ma'anarsa sun karɓe shi kyauta, in sun ga dama su sallame shi tun a sansanin horo ba su yi asarar komai ba. Bai ɗaga mini murya ba. Mama ma ba ta fasa tukunya mai jan zare ba. Wannan ya fi komai ci mini rai, don da sun kore ni da na samu abin riƙewa.

Kalbin ya daina fitowa bayan gida da safe. In mun haɗu ya gaishe ni irin gaisuwarsu, in amsa irin amsarsu. Sauran makonnin na yi su a kududdufi, na koyi abin da aka aiko ni koyo, yadda ake tsatso ƙwai da yadda ake auna iskar ruwa, amma zuciyata ba ta wurin.

Ranar da zan taho sai ga shi ya ɗauki jakata ya sa a motarsa, ya ce shi zai kai ni tashar bas. Muka kama hanya. Na tattaro Turancina duka na nemi gafararsa. Na gaya masa abin da Inna ta ce da ni ranar sallama.

"Na san ba da mugunta ka yi ba, Umar," in ji shi. "Amma ba zan ce maka ya wuce ba alhali ban sani ba. Ka bari mu ga Disamba, ƙarshen kakar wasa."

Na ce na yarda. A tasha na ciro gwangwanin, saura kamar rabi, na miƙa masa ina tsoron ya ƙi. Ya karɓa ya sa a aljihun rigarsa, muka yi musabaha, hannuna ya ɓace a cikin nasa.

Dawowa ba ta da labari. Na sauka Kano da farkon damina, na iso Yelwa an sha ruwa, kuka tarbe ni kuna tambayar tsaraba. Na haƙa kududdufin gwaji biyu a Shanga, tarwaɗa na girma. Amma duk watannin nan, in na ga masu jan taru a gaɓa sai in tuna akwai wani can da ke durƙusawa a kan gwiwar da na tona. Na rubuta wasiƙa biyu ba amsa. Disamba ta zo ta wuce.

Wasiƙar makon jiya Mama Loreta ce ta rubuta. Ta ce a sansanin horo saura kaɗan a sallami Kalbin, Mista Dunkan ne ya tsaya a gaban manyansa ya ce a sake kallon kaset. Aka bar shi. Ya yi wasa har bayan tsakiyar kaka, sannan gwiwar ta tafi gaba ɗaya a wani karo, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. An yi masa aiki, likita ya ce shi da ƙwallo har abada. Amma an ƙirga masa shekarar, fansho ya tabbata. Yanzu yana gida da sanda, yana bin babansa kududdufi a mota. A ƙasan takardar akwai layi huɗu da wani rubutu daban, manya-manya:

"Umar, ya wuce. Da ina wasa ba a yarda kowa ya tambaye ni ba. Yanzu da na daina ba mai tambaya. Ka rubuto ka tambaye ni, ban manta amsar ba. Kuma gwangwanin ya ƙare."

Ran Juma'a na shiga jirgin ruwa na je wurin Inna, na ba ta labarin duka, karo na farko. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Allah shi ba shi lahiya, bawan Allah." Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana motsa kwanoni, ta fito da gwangwani biyu. "Ka ce mishi shi riƙa gasawa kahin shi shahwa. Kuma ka ce ina gaishe shi da jiki."

Gwangwanayen na nan a ofis na naɗe su, gobe za ni gidan waya in ji ko ana yarda su bi jirgi. Wasiƙar kuwa na riga na fara. Na so in buɗe da doguwar gaisuwa irin tamu, in tambayi Baba da Mama da kududdufi, amma na bar su zuwa layi na biyu. A na farko na rubuta: Kalbin, ya gwiwa?